Hannu Waje

Shafi na 23

Masu bina da saƙo suna cewa na bar Hussaina a tsaye a bakin ƙofar makaranta kwana huɗu rana na dukanta, ku yafe ni, cajar wayata ce ta ƙone. Masu zagin Malama Murjanatu kuma ku ɗan sassauta, ku karanta na yau tukuna. Wataƙila ku ƙara zagin, wataƙila ku rasa wanda za ku zaga.

*

Ƙarfe takwas saura kwata layi ya zo kan Hussaina. Malama Murjanatu, malamar ladabtarwa ta Sakandaren 'Yan Mata ta Tsamiya Biyu, ta faɗa mata kalmomin nan biyu da duk yarinyar da ke shigowa ta ƙaramar ƙofa ta haddace.

"Hannu waje."

Hussaina ta fito da su daga cikin hijabi a hankali.

Hijabinta fari tas, ya sauka har gwiwa yadda doka ta ce. Safa fara, takalmi baƙi, babu kwalli babu ɗan kunne mai lilo. Hannun ne kawai. Ja ne har wuyansa, kuma ba zane ba ne balle a ce kwalliya, jan da ke kama wanda ya wuni yana kwaɓa lalle ne. Bayan yatsunta duk ya ɗaɗɗaye, don tun asuba take dirzarsa da lemon tsami da toka.

Ta yi bayani. Ta ce ta sa leda a hannu, ledar ce ta yage. Ta ce aikin Innarta ne ya yi yawa, mata ashirin da wani abu, babu mai taya ta. Ta ce yau jarabawar tantancewa ce, kuma lissafi ne, wanda bai rubuta ba ba shi ba aji shida.

Malama ba ta ɗaga murya ba. Ba ta taɓa ɗagawa ba, shi ya sa ake tsoronta.

"Doka ba ta ce kwalliya ba. Lalle ta ce. Matsa gefe."

Karo na goma sha biyu ke nan a zangon karatun nan. Talatu, mahaifiyar Hussaina, ita ce mai ƙunshin da rabin bukukuwan Daura ke nema, kuma biki daga Juma'a yake zuwa Lahadi. To hannun Hussaina ranar Litinin ya fi ja, shi kuwa lissafi darasin farko ne Litinin da Talata. Yarinyar da ta zo ta biyu bara, bana ta goma sha tara ta zo. Babanta Malam Sada ya riga ya yanke magana, ya ce in ba ta haye wannan jarabawar ba ta gama boko, ba zai zuba ido 'yarsa tana cinye takalmi a hanya don a je a koro ta ba.

Hussaina ba ta yi kuka ba. Juyawa ta yi ta tafi, Malama ta ɗauka an gama.

Tara saura minti goma sai ga ɗan acaba ya tsaya da mutum biyu, ɗaya Hussaina ce. Wata mace ta sauko, gajeruwa, mayafinta a karkace, tafin hannunta ya yi baƙi-baƙi saboda shekaru na lalle. Ta gaida Baba Hussaini mai gadi, ta gaida Malama har da ɗan rusunawa, sannan ta ce ita ce Talatu, daga bayan Kusugu, ta zo roƙo.

Kuma ta roƙa. Ta haɗa da Allah, ta haɗa da iyaye. Ta ce a bar yarinya ta rubuta, in ya so bayan an tashi a yi mata bulala, a sa ta wankin bayi, ita ma a kira ta gaban malamai a ci mata mutunci, ta yarda.

Malama ta ce shekararta uku a ƙofar nan ba ta taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba, ba za ta fara yau ba.

"Baiwar Allah, ni a wurina ba sani ba sabo. 'Yar kowa ce, hannu waje."

Talatu ta daina rusunawa. Ta gyara mayafinta.

"'Yar kowa?"

"'Yar kowa."

"To Malama, ɗan waiwaya."

Taku ashirin daga inda suke, Baba Hussaini na jan babbar ƙofa, wata farar mota mai baƙin gilashi na shigewa. Ba ta tsaya ba sai gaban ofishin shugabar makaranta. Yarinya ta fito da gudu ta nufi ɗakin jarabawa, hannayenta cikin hijabi.

"Waccan kin ce mata hannu waje?"

Talatu ta ƙara matsowa.

"Shekara ukun nan, a cikin waɗanda ake kawowa a mota, nawa kika ce wa hannu waje?"

Wallahi da kun ga fuskar Malama Murjanatu da kun san ba ƙarya take ba duk shekarun nan. Ita dai ta yarda adalci take yi. Ba ta karɓar gaisuwar iyaye, ba ta duban sunan uba, ta taɓa korar 'yar maƙwabciyarta saboda safa mai ɗigo-ɗigo har suka yi wata biyu ba sa magana. Amma duk wadda ta taɓa kora da ƙafa ta zo, ko a bayan acaba. Ƙofa biyu ce a makarantar, ita ɗaya take tsarewa, ta ba ɗayar baya.

Talatu ba ta bari ta numfasa ba. Ta ce ranar Juma'a ita ta yi ƙunshin bikin gidan Alhaji Dabo. Ta ce ita ba ta iya karatu ba, amma hannun da ta zana ba ya ɓace mata. 'Yan matan makarantar nan tara ta yi wa, ja da baƙi, har gwiwar hannu. Lallen da ke jikinsu kuwa wannan yarinyar da aka kora ita ta kwaɓa shi.

"Su suna da furen, tawa tana da dattin. Su suna ciki."

"Ban gansu ba," in ji Malama, muryarta ta yi ƙasa.

"Ai ba ki duba ba. Wadda na fi daɗewa a kan hannunta ma, awa biyu cur, ita ta zaɓi zanen da kanta. Zubaida."

Littafin sunayen korarru da ke hannun Malama ya kusa suɓucewa.

Masu biye da ni tun shafin farko sun sani, amma bari in faɗa don sababbi. Zubaida 'yar farin Malama Murjanatu ce. Ranar da aka yaye ta, Goggo Sadiya, yayar mijin Malama kuma uwargidan Alhaji Dabo, ta goya ta ta tafi da ita, a can ta girma. Malama kuwa irin matan nan ce da suka riƙe kunyar ɗan fari da haƙori. Shekara goma sha shida ba ta taɓa furta sunan yarinyar ba. In dole ta kama sai ta ce "yarinyar gidan Yaya". In sun haɗu a baranda sai ta kalli bango. Da Zubaida ta shiga babban aji, Malama da kanta ta nemi a bar ta a ƙananan azuzuwa don kada ta tsaya a gabanta. Dangi suna yabonta a kan haka, ita ma a ranta tana jin ta yi abin kai.

To motar Alhaji Dabo ce ke kawo Zubaida kowace safiya. Shi ya sa tun ranar da aka ba Malama ƙofa ta juya wa babbar baya, don kada idonta ya sauka a kan 'yar farinta a gaban mutane. Kunya ta sa ta juya, sai juyawar ta rufe dukkan masu mota.

Aka buga ƙararrawa. Ƙarfe tara, an fara.

Hayaniyar ta fito da Hajiya Ummukulsum, shugabar makaranta, daga ofis. Mace ce mai son a rufe komai kafin ya yi wari. Ta saurara na minti ɗaya, ta dubi agogonta, ta ce mai sa ido daga waje aka turo shi, kuma tara da rabi zai rufe ƙofa, bayan nan ko 'yar waye ba ta shiga.

"Malama Murja, bar yarinyar nan ta wuce. A kashe maganar a nan."

Talatu ta fara godiya tun kafin a amsa. Hussaina ta ɗaga kai, har ta laluba biro a jakarta.

Ni da nake rubutawa na so a ce nan aka tsaya. Kalma ɗaya ce ta rage, "shiga". Amma Malama ba Hussaina take gani ba a lokacin, littafin hannunta take gani. Ta buɗe shi tana juya shafi, sunaye ne jere, na safa, na takalmin roba, na hijabin da ya gaza da ɗan yatsa uku. 'Yar mai ƙosai. 'Yar mai faci. Yaran da ke tahowa daga hanyar Zango tun duhu bai gama washewa ba.

"Hajiya, kin san da wannan? Kin san ba a duba masu mota?"

Shugaba ta ce yanzu ba lokacin wannan ba ne.

"Kin sani?"

"Kowa ya sani, Murja. Mun ɗauka ke ma kin sani."

Wannan ce ta kashe ta. Da zagi ne da ta shanye. Ashe shekara uku malamai na kallonta a matsayin wadda ta san inda ake taka wa da inda ake tsallakewa, yaran mota na wuce ta suna dariya a cikin gilashi.

Ta rufe littafin. Ba ta ce Hussaina ta shiga ba, ba ta ce kada ta shiga ba. Ta juya ta nufi ɗakin jarabawa da sauri, Shugaba na bin ta tana kiran sunanta. Talatu ta ce da Hussaina ta tsaya nan kada ta motsa sai an kira ta, don kada a ce ta shiga ba izini a sami abin faɗa, ita ma ta bi bayansu.

A hanya Talatu na ta magiya. Ta ce ita ba ƙarar kowa ta kawo ba, bakinta ne ya suɓuce don zafin rai. Ta ce waɗannan gidajen su ne masu kiranta aiki. Ta ce a yi wa Allah a aika a kira yarinyarta, lokaci na tafiya. Malama ko waiwayowa ba ta yi ba.

Malam Maharazu, mai sa idon da aka turo, ya tare ta a bakin ɗaki ya ce ba a shiga. Ta raɓa shi ta wuce.

Ba ta buƙaci cewa hannu waje ba. Mai rubutu ba ya ɓoye hannu.

Ga su nan a kan tebura, riƙe da biro. Ta bi layi tana ƙirgawa a ranta. Ɗaya a gaba, biyu a jikin taga, wata ta ji takunta ta yi saurin ja da hannun hagu cikin hijabi ta bar na dama. Zane mai kyau, aikin gwana, furanni sun hau yatsu sun gangara. Tara cif, Talatu ba ta ƙara ko ɗaya ba.

Ta tsaya a kan ta farko ta ce ta miƙe.

Shugaba ta sha gabanta. A hankali ta yi maganar, amma ɗakin shiru yake, na kusa sun ji. Ta ce wannan 'yar shugaban ƙungiyar iyaye ce, waccan babanta ne ya sa musu fanfo, kuma ko ba haka ba yara sun fara rubutu, babu mai tayar da su.

"Ikonki a ƙofa yake. A ɗakin nan ba ki da iko a kan 'yar kowa."

Malama ta dube ta.

"Ina da iko a kan ɗaya."

Ta taka zuwa layi na huɗu. Yarinyar da ke wurin doguwa ce, mai irin goshin Malama sak. Ta duƙufa a kan takarda, ta cika shafi guda da rabi, ba ta ma san abin da ake ciki ba. Malama ta tsaya a kanta. Karo na farko ta kalle ta sosai, ido cikin fuska, har ta ga ɗan tabon da ke gefen girarta wanda ba ta san da shi ba.

Bakinta ya motsa sau biyu babu sauti.

"Zubaida."

Yarinyar ta ɗago. Ta san muryar, amma ba ta taɓa jin sunanta a cikinta ba. Fuskarta ta buɗe, murmushi ya fara zuwa, irin na ƙaramin yaro da aka dawo masa daga tafiya.

"Ajiye biro. Fita."

Murmushin bai ƙarasa ba. Ta kalli hannunta, ta kalli sauran takwas ɗin da suka sunkuyar da kai suna ci gaba da rubutu, ta sake kallon Malama. Ba ta yi musu ba. Ta rufe biron, ta kife takardar, ta fita.

Malam Maharazu ya ce shi bai taɓa ganin irin wannan ba, kuma zai rubuta a rahotonsa cewa ɗaliba ta fita da ƙafarta. Ya kori manyan waje su duka. Ya dubi agogon hannunsa, ya dubi na bango, ya ja ƙofa ya sa sakata.

Tara da minti talatin da biyu.

Sai a lokacin Shugaba ta dafe ƙirji ta tambaya ko an kira yarinyar can. Babu wanda ya kira ta. Kowa ya ɗauka wani ya aika.

Talatu ta buga ƙofar da tafin hannu, ta yi magana ta jikin taga, ta ce minti biyu ne kacal. Malam Maharazu ya amsa daga ciki cewa doka ce, kuma ya ga alama makarantar nan ba a wasa da doka.

Ta daɗe a tsaye goshinta a jikin ƙofar. Da ta juyo babu hawaye a idonta, da ma a ce akwai.

"Malama, yanzu sun zama biyu. Tawa ta shiga?"

Talatu ta ci gaba.

"Ni na zo a shigar da ɗaya, ke kin fitar da ɗaya. Kin wanke sunanki, Allah ya ba ki lada. Ni me zan je in ce wa babanta?"

Babu abin da ya fi wannan ciwo a wurina. Takwas na ciki suna rubutu da furanninsu, babu abin da ya same su. Malama ta yanka naman jikinta don a ce ita mai adalci ce, kuma ko tsinke bai ƙaru a hannun Hussaina ba.

Shugaba ta riga ta koma gefe da waya a kunne. Ana jin tana cewa, "Hajiya Sadiya, don Allah ki zo yanzu, kada ki aiko direba, ki zo da kanki."

Zubaida na tsaye a baranda, hannayenta a waje, ba ta ƙara ɓoye su ba. Malama ta zo wucewa, ta saba kallon bango, yau ta kasa.

"Malama."

Ta tsaya.

"Tun ina aji ɗaya nake zagayowa ta barandar nan, ba hanyata ba ce, ko za ki yi kuskure ki kira ni." Muryarta ba ta rawa. "Na gode. Na ji yadda yake."

Ta sauka daga barandar. Ba ta nufi ofis ba inda ake jiran mota. Ta miƙe zuwa ƙaramar ƙofa, wadda ba ta taɓa bi ba tun da ta shigo makarantar, ta fita.

Hussaina na nan inda aka ce ta tsaya, rana ta iso wurin amma ba ta matsa ba. Biron na hannunta, ta cire masa murfi tun ɗazu. Da ta ga Innarta na tahowa a hankali, ba da gudu ba, ta gane. Ta mayar da murfin, ta buɗe jaka ta saka shi, ta zuge.

"Inna, mu tafi. Akwai na gidan suna da yamma, ba a kwaɓa ba."

Talatu ta toshe bakinta da mayafi. Zubaida ta zauna a kan dakalin da korarru ke zama, ta rasa inda za ta sa idonta.

Ba su kai ga tare acaba ba aka ji hon. Dogo, sau uku, irin na wanda bai saba jira ba. Motar gidan Alhaji Dabo ce a bakin babbar ƙofa, gilashin baya ya sauka rabi, Goggo Sadiya na ciki. Matar da Malama ba ta taɓa haɗa ido da ita ba tun ranar da aka kawo ta gidan ƙaninta, matar da in ta yi tari a gidansu ake kashe rediyo.

Baba Hussaini ya tashi da sauri, ya kama sakata.

"Baba."

Ya waiwayo. Malama Murjanatu ce, ta tako ta tsaya a tsakiyar babbar ƙofar, wurin da shekara uku take ba baya.

"Kada ka buɗe. Ta sauko ta biyo ta ƙarama."